Darasi na Tara: Kamun Ƙafa da Dokokin Adalci a Cinikin Abinci

Manufar darasi

Abin da ake nufi da wannan darasi shi ne ɗalibi ya fahimci yadda ake yin dokokin da ke tsare adalci tsakanin masu noma abinci da masu sarrafa shi da masu sayar da shi, ya kuma gane cewa irin waɗannan dokoki, komai kyawun lafazinsu, sukan fito ne daga doguwar jayayya tsakanin ƙungiyoyi masu bukatu mabambanta, kowace tana neman kunnen hukuma, har ya zamana kowane layi na dokar yana ɗauke da alamar wanda ya halarci wurin rubuta shi. Za mu ɗauki misalinmu daga Birtaniya da Tarayyar Turai, domin a can wannan jayayya ta gudana a fili, an kuma rubuta matakanta ɗaya bayan ɗaya, yadda mai neman sani zai iya bin sawunta.

Asalin mas'alar

Abinci ba ya isa akushin mai ci sai ya ratsa hannuwa masu yawa, tun daga manomin da ya shuka ko makiyayin da ya tatsa, zuwa masana'antar da ta niƙa ko ta tace ko ta ɗura a gwangwani, zuwa ga ɗan sari, zuwa ga mai kanti, sa'an nan ya zo hannun uwargida. Wannan jeri shi ne za mu riƙa kira silsilar cinikin abinci. Da a ce ƙarfin waɗannan hannuwa daidai yake, da ba a bukaci wata doka ta musamman ba, gama duk wanda aka yi wa kayansa tayin wulaƙanci sai ya ce albarka, ya juya ya nemi wani mai saye. Amma a ƙasashen Turai al'amarin ya sauya a rabin ƙarshe na ƙarni na 20, sa'ad da manyan kantuna masu rassa ɗari-ɗari suka haɗiye ƙananan shaguna, har aka wayi gari gonaki fiye da miliyan 10 suna noma domin masu ci kimanin miliyan 500, alhali ƙofar da ke tsakanin ɓangarorin biyu tana hannun 'yan kamfanoni ƙalilan. A Birtaniya, alal misali, an yi zamanin da kantuna huɗu kaɗai suke riƙe da wajen kashi uku cikin huɗu na cinikin kayan masarufi na ƙasar.

Daga wannan rinjaye ne wasu ɗabi'u suka tsiro, waɗanda masu kawo kaya suka daɗe suna kuka da su. Mai kanti ya karɓi kaya ya sayar, amma ya riƙe kuɗin mai kaya watanni yana juya su. Ko ya ce a kawo masa ganye ko 'ya'yan itace, sai bayan an tsinke an ɗaure ya aiko cewa ya fasa. Ko a gama ciniki a kan farashi, bayan an kai kaya ya zabtare wani abu da sunan rangwamen da ya yi wa masu saye. Ko ya ɗora wa mai kaya hasarar abin da ya ruɓe ko aka sace a cikin kantinsa. Ko ya nemi a biya shi kafin ya yarda ya jera kayan a inda ido zai gan su. Abin da ya fi waɗannan duka nauyi kuwa shi ne tsoro, domin mutumin da rabin cinikinsa ya rataya ga kanti guda, in ya kai ƙara, ko da alƙali ya ba shi gaskiya, ya san cewa baɗi ba za a sake sayen ko buhu ɗaya daga gare shi ba. Sai ya haɗiye zaluncin ya yi shiru, shirun nan nasa kuma ya zama hujjar masu cewa babu wata matsala.

Mai karatun da ya zauna gaban malamai ya ɗauki babin bai'i ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin fuƙaha'u sun daɗe da hana tarye ayari tun bai iso kasuwa ya san farashi ba, da ɓoye abinci don jiran tsada, da tauye mudu, sun kuma lissafa jinkirin biya daga mai hali a cikin nau'o'in zalunci. Ba su kuwa tsaya ga hani kaɗai ba, sai da aka tanadi hisba, watau aikin muhtasibi mai zaga kasuwa yana duba ma'auni, saboda sanin cewa hukuncin da ba shi da mai zartarwa wa'azi ne kurum. A riƙe wannan ƙa'ida ta ƙarshe da kyau, gama a kanta ne mafi yawan jayayyar da za mu karanta ta gudana.

Mene ne kamun ƙafa

Idan majalisa ko ma'aikata ta ɗaura niyyar yin doka a kan wata sana'a, ma'abota sana'ar ba su naɗe hannu suna jiran abin da za a yanke a kansu. Sukan tura wakilai su gana da 'yan majalisa da manyan ma'aikata, su kai musu bayanai da alƙaluma, su ɗauki lauyoyi su tsara lafazin da suke so a sa ko a cire, su biya masana su yi bincike, su yi magana a jaridu, wani lokaci kuma su fito kan titi. Wannan aiki gaba ɗayansa shi ne kamun ƙafa. Wajibi ne a rarrabe shi da rashawa, domin mai ba da rashawa hukunci yake saye a ɓoye, abin da shari'a da doka duka suka haramta, shi kuwa mai kamun ƙafa na halal hujja yake kaiwa, kuma mahukunta suna bukatarsa, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ɗan majalisar da bai taɓa kiwo ba kuwa ba zai san kwana nawa madara ke yi kafin ta lalace ba sai an gaya masa. Saboda haka ne Tarayyar Turai ba ta hana wannan aiki ba, sai dai ta buɗe rajista a shekarar 2011, inda masu yin sa ke rubuta sunayensu da waɗanda suke wakilta da kuɗin da suke kashewa.

Illar tana wani wuri dabam, watau cewa ba kowa ne yake da ikon kamun ƙafa daidai da ɗan'uwansa ba. Wani masanin tattalin arziki na Amurka, Mancur Olson, ya bayyana dalilin haka a shekarar 1965, cewa jama'a kaɗan waɗanda kowanensu yake da babban rabo a cikin wata mas'ala sun fi saurin haɗa kai bisa jama'a mai ɗimbin yawa wadda rabon kowane ɗaya a cikinta ƙanƙane ne, domin a cikin taro mai yawa kowa yakan jira wani ya ɗauki wahala shi ya ci moriya. Kamfanoni goma suna iya zama a ɗaki guda su tsai da shawara kafin azahar, amma manoma miliyan goma ba su da murya sai sun gina ƙungiya, sun biya kuɗin rajista, sun ɗauki ma'aikata, sun kuma jure shekaru. Manoman Turai sun yi wannan aiki tun da wuri, domin ƙungiyarsu ta Copa an kafa ta a 1958, daga baya ta haɗa ofis da Cogeca ta ƙungiyoyin gama kai, shi ya sa ake ambatonsu tare.

Rundunonin da suka fafata a wannan fage su ne: manoma, a ƙarƙashin Copa-Cogeca a Brussels da NFU a Ingila, masu manyan kantuna, a ƙarƙashin EuroCommerce da British Retail Consortium, masu masana'antun abinci, a ƙarƙashin FoodDrinkEurope, waɗanda matsayinsu yake da fuska biyu, tun da su masu sayarwa ne ga kantuna, masu saye ne kuma daga manoma, ƙungiyoyin sa kai irin su Oxfam da Traidcraft da ActionAid, masu magana da yawun manoman ƙasashe matalauta, sai ƙungiyar kare masu saye, BEUC, wadda damuwarta ita ce kada farashi ya hau.

Misali na farko: Birtaniya

A shekarar 2000 hukumar da ke binciken gasa a kasuwannin Birtaniya ta fitar da rahoto a kan manyan kantuna, ta sami cewa wasu daga cikin ɗabi'un da muka ambata suna cutar da maslahar jama'a, a kan haka aka fito da kundin ƙa'idoji a 2002, wanda ya hau kan Tesco da Asda da Sainsbury's da Safeway. Sai dai da yake an tsara kundin ne tare da su kantunan, an cika shi da lafuzza masu sassauci waɗanda kowa zai iya fassarawa yadda ya so, an kuma sharɗanta cewa mai ƙorafi ya fara kai kukansa ga kantin da ya cuce shi, ba abin mamaki ba ne da shekaru suka shige kusan babu wanda ya yi ƙarfin halin amfani da shi. Da hukuma ta waiwayi kundin, abin da ta tarar shi ne masu kawo kaya suna tsoron buɗe baki.

Daga nan sai aka sami wani ƙawance wanda ba a saba gani ba: manoma, da masu ƙananan shaguna, da masu rajin kare muhalli, da ƙungiyoyin agaji, kowa da dalilinsa, suka haɗu a kan bukata guda. Ƙungiyar masu ƙananan shaguna ta kai hukuma ƙara gaban kotun sauraron ƙararrakin gasa, wanda ya taimaka aka sake buɗe babban bincike a 2006. Rahoton da ya fito a 2008 kuwa ya yi wa kowane ɓangare adalci, domin ya yarda cewa gasar da ke tsakanin kantuna tana amfanar masu saye ta fuskoki da yawa, amma ya tabbatar cewa kantuna suna ɗora wa masu kawo kaya kasada mai yawa da ɗawainiyar ba-zata, abin da in aka bar shi zai kashe musu zuciyar zuba jari, daga ƙarshe cutar ta komo kan mai saye. Aka ba da shawarar abu biyu, sabon kundi mai ƙarfi da kuma mai sa ido mai zaman kansa.

Kundin ya fara aiki a watan Fabrairun 2010, ya hau kan duk kantin da cinikinsa na kayan masarufi ya haura fam biliyan 1 a shekara, su 10 ne a lokacin. A kan mai sa ido ne aka ja daga. An nemi kantuna su yarda su kafa shi da kansu, mafi yawansu suka ƙi, suna kafa hujja da cewa ɗawainiyarsa za ta koma kan farashin da talaka ke biya, kuma manyan masana'antu, waɗanda wasunsu sun fi kantunan girma, su ne za su ci gajiyarsa. Sai hukumar ta miƙa al'amarin ga gwamnati a 2009. Masu ƙawance suka bi jam'iyyu har manyan ukun duka suka yi alkawarin kafa shi kafin zaɓen 2010, amma duk da haka sai a 2013 dokar ta tabbata, aka naɗa Christine Tacon ta zama ta farko a wannan kujera.

A tsakanin alkawari da doka ne ɗalibi zai ga aikin kamun ƙafa ƙuru-ƙuru, gama da aka gama gardama a kan ko za a yi, sai gardamar ta koma kan yadda za a yi, kuma a nan ne ake iya zare wa doka haƙora ba tare da jama'a sun lura ba. Daftarin farko ya taƙaita waɗanda za a saurari ƙorafinsu, aka yi ta matsawa har aka yarda ƙungiyoyin sana'a su ma su kai bayani a madadin mambobinsu, aka kuma ɗora wa mai sa ido wajibcin ɓoye sunan mai ƙorafi. Haka nan daftarin bai ba shi ikon cin tara nan take ba, sai a ƙarshen 2012 gwamnati ta sakko, ba a kuwa ƙayyade adadin tarar ba, watau har kashi 1 cikin 100 na cinikin kanti a ƙasar, sai a watan Afrilun 2015. Wannan jinkiri yana da sakamako: bayan Tesco ya bayyana a 2014 cewa ya kumbura hasashen ribarsa da wajen fam miliyan 250, Tacon ta bincike shi, ta fitar da rahoto a Janairun 2016 cewa ya saɓa kundin ta hanyar jinkirta biyan masu kawo masa kaya, amma ba ta iya cin sa tara ba, saboda laifin ya auku ne kafin ikon tarar ya zo hannunta.

Misali na biyu: Tarayyar Turai

A sauran ƙasashen Turai wutar ta tashi ne daga madara. A shekarar 2009 farashinta ya faɗi warwas a ƙofar gona, alhali a kanti bai sauka gwargwadon haka ba, har makiyayan Beljiyam suka fito da tankokinsu suka kwarara miliyoyin lita a gonaki domin duniya ta gani. Hukumar Tarayyar Turai ta kafa zauren tattaunawa a 2010, ƙungiyoyin ɓangarori suka amince da wasu ƙa'idojin kyakkyawar mu'amala a 2011, sa'an nan a 2013 masu kantuna da masu masana'antu suka ƙaddamar da wani shiri na ganin dama, inda kamfani zai sa hannu ya yi alkawarin bin ƙa'idojin. Wannan dabara ce sananniya ga duk wanda doka ke shirin hawa kansa, ya riga ta, ya ce ga shi ya gyara da kansa, don haka babu bukatar tilas. Copa-Cogeca ta ƙi shiga, tana cewa shirin bai tanadi ɓoye sunan mai ƙorafi yadda ya kamata ba, ba shi kuma da horo mai tsoratarwa. Ƙin nan nata kuwa shi kansa kamun ƙafa ne mai ƙarfi, domin da ta sa hannu da an ce magana ta ƙare.

Duk da haka, da farko masu kantuna ne suka yi rinjaye, gama a Janairun 2016 Hukumar ta fitar da rahoto cewa ba ta ga bukatar doka ta bai ɗaya a wannan lokaci ba, tun da ƙasashe kimanin 20 daga cikin 28 sun riga sun yi nasu dokokin, ga kuma shirin ganin dama yana tafiya. Abu biyu ne suka juya al'amarin. Na farko shi ne halin da manoma suka shiga, domin Rasha ta hana shigar da abincin Turai ƙasarta a watan Agustan 2014, aka kuma soke ƙayyade yawan madarar da kowace ƙasa za ta tatsa a 2015, farashi ya sake rushewa, 'yan siyasa suka ga wajibi ne su nuna wa manoma wani abu a hannu. Na biyu, wanda ya fi ɓoyuwa ga idon jama'a amma ya fi tasiri, shi ne sauya ƙofar da mas'alar ke bi: a da tana hannun sashen da ke kula da kasuwar bai ɗaya da masana'antu, inda ake kallonta da idon 'yancin ƙulla yarjejeniya, sai ta koma sashen noma a ƙarƙashin kwamishina Phil Hogan, mutumin Ayilan, inda ake kallonta da idon kare abin da manomi ke samu.

Hogan ya naɗa kwamitin masana a ƙarƙashin Cees Veerman, tsohon ministan noma na Holan, wanda ya ba da shawarar a yi doka a Nuwamban 2016, bayan Majalisar Dokokin Turai ita ma ta nemi haka da gagarumin rinjaye a watan Yuni na wannan shekara. A Afrilun 2018 Hukumar ta gabatar da daftari, ta kuma jingina shi ga sashe na 43 na yarjejeniyar da ta tsara ayyukan Tarayyar, wanda ya shafi noma, abin da ya sa kwamitin noma na Majalisa ne ya jagoranci nazarinsa, Paolo De Castro, tsohon ministan noma na Italiya, yana mai gabatar da rahoto. Wanda ya san cewa kwamitin noma shi ne inda kunnuwa suka fi sabawa da muryar manoma, ya san rabin hukuncin tun kafin a fara zama.

Daftarin Hukumar mai taka-tsantsan ne: ɗabi'u 4 ya haramta kai tsaye, 4 kuma ya halatta bisa sharaɗi, kariyarsa kuwa ga ƙanana da matsakaitan masu kawo kaya kaɗai take. Nan ne ƙawance ya sake salo, domin manyan masana'antu suka matso kusa da manoma suna neman a kare kowane mai kawo kaya komai girmansa, suna cewa zalunci zalunci ne ko a kan wa ya faɗa, kuma abin da aka matse daga masana'anta a kan manomi za ta fanshe shi; masu kantuna suka amsa cewa wannan miƙa makami ne ga kamfanonin duniya masu ribar da ta fi tasu, ƙungiyar kare masu saye kuma ta nuna irin wannan fargaba. Majalisa ta karkata ga faɗaɗawa, ministocin ƙasashe suka karkata ga taƙaitawa, aka yi ta ja-in-ja har aka cimma sulhu a ranar 19 ga Disamban 2018, dokar ta tabbata a Afrilun 2019 da lamba 2019/633, aka ba ƙasashe har zuwa 1 ga Mayun 2021 su shigar da ita cikin dokokinsu.

Abin da aka samu da abin da aka bari

Dokar ta haramta ɗabi'u 10 haramci yankakke, daga cikinsu akwai jinkirta biya fiye da kwana 30 a kan kaya masu saurin lalacewa ko kwana 60 a kan sauran, da fasa sayen kaya masu lalacewa a ƙurarren lokaci, da sauya yarjejeniya ta ɓangare guda, da ƙin ba da shaidar ciniki a rubuce in an nema, da ramuwar gayya a kan wanda ya kai ƙara. Wasu 6, kamar mayar da kayan da suka yi kwantai ko neman mai kaya ya biya kuɗin talla, an halatta su in an yi ittifaƙi a kansu a sarari tun farko. An wajabta wa kowace ƙasa ta naɗa hukumar zartarwa mai ikon fara bincike da kanta, da ɓoye sunan mai ƙorafi, da cin tara. Iyakar kariya kuwa aka tsai da ita a kan mai kawo kayan da cinikinsa bai wuce Yuro miliyan 350 a shekara ba, bisa matakai, ta yadda kowa ake kare shi daga mai sayen da ya fi shi girma; wannan adadi ba wani ilmin lissafi ne ya haife shi ba, wurin da ƙarfin masu ja ya daidaita ne.

An bar abubuwa kuma. Manoma sun so a hana sayen kaya a ƙasa da abin da aka kashe wajen noma su, ba su samu ba, ko da yake dokar ta bar wa kowace ƙasa damar ƙarawa, Sifaniya kuma ta ƙara wannan hani a dokarta. A Birtaniya kundin bai kare kowa ba sai wanda ke sayar wa kanti kai tsaye, saboda haka manomin da ke sayar wa masana'anta yana waje. Leburorin gona, waɗanda a kansu matsin farashi yake sauka daga ƙarshe, ba su da wani babi a ko ɗaya daga cikin dokokin biyu. Tsoro ma bai gushe ba, gama binciken da Hukumar ke yi tsakanin masu kawo kaya yana ci gaba da nuna cewa da yawa suna shiru don gudun ramuwa.

Akwai wani sashe guda da ya shafe mu kai tsaye. Albarkacin matsin ƙungiyoyin sa kai masu rajin cinikin adalci, dokar ta hau kan duk cinikin da ɗaya daga cikin ɓangarorinsa yake cikin Tarayyar, watau ɗan kasuwa ko ƙungiyar gama kai da ke fitar da koko daga Gana, ko riɗi da citta da zoɓo daga Nijeriya, zuwa ga babban mai saye a Jamus ko Holan, yana da haƙƙin kai ƙara can in an cuce shi. Amma ƙaramin manomin da ya sayar wa dillali a kasuwar ƙauye, kariyar ba ta isa gare shi ba.

Abin lura

Bai kamata ɗalibi ya tashi daga wannan darasi da zaton cewa doka kayan mai ƙarfi ce kurum ba, gama mun ga masu kantuna, duk da dukiyarsu, an rinjaye su a wurare biyu. Abin da suka iya shi ne jinkirtawa da ragewa, shekara 13 a Birtaniya, shekara 10 a Tarayyar Turai, kuma kowace shekara daga cikinsu akwai waɗanda suka ɗauki hasararta. Masu rauni sun yi nasara ne saboda sun haɗu a ƙungiya mai ɗorewa, sun tara shaida wadda hukuma ba ta iya kau da kai daga gare ta, sun ƙulla ƙawance da waɗanda ba sana'arsu ɗaya ba, sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa, sun kuma ƙi karɓar alkawari a madadin hukunci. Waɗanda ba su da ƙungiya kuwa, ba wanda ya ƙi su, mantawa aka yi da su. Saboda haka duk mamban wata ƙungiya ta manoma ko makiyaya ko 'yan kasuwa, in ya ji ana shirya wata doka a kan sana'arsa, haƙƙi ne a wuyansa ya nemi sanin wanda za ta kare, da wanda zai zartar da ita, da horon da ke cikinta, da yadda mai ƙorafi zai tsira daga ramuwa, ya kuma tabbatar cewa ƙungiyarsa ta kai hujjarta a rubuce tun daftari yana hannun masu tsarawa, domin gyaran doka bayan an sa mata hannu aiki ne na wasu shekarun.

Tambayoyi

1. Kawo ɗabi'u huɗu da masu kawo kaya suke kuka da su, ka bayyana dalilin da ya sa kai ƙara kotu bai isa ya magance su ba.
2. Mene ne bambancin kamun ƙafa da rashawa?
3. Me ya sa kundin Birtaniya na 2002 bai yi tasiri ba, kuma me aka gyara a 2010 da 2013?
4. Don me Copa-Cogeca ta ƙi shiga shirin ganin dama na 2013?
5. Yaya komawar mas'alar hannun sashen noma ta sauya sakamakonta?
6. Masu kantuna sun ce doka za ta sa farashi ya hau kan talaka. Ku tattauna ƙarfin wannan hujja da rauninta.

Aikin yi

Ku kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya zaɓi amfanin gona guda da ake sayarwa a kasuwar garinku, ya lissafa hannuwan da yake bi daga gona zuwa ga mai ci, ya nuna wanda ya fi ƙarfi a ciniki da wanda ke ɗaukar hasara in kaya sun lalace, sa'an nan ya rubuta takarda ta shafi ɗaya zuwa ga shugabannin kasuwa mai ɗauke da ƙa'ida guda da yake so a kafa, da hujjarta, da wanda zai zartar da ita.